Garin neman gira a rasa ido: in garaji ya ɓata mota, wa za shi biya?

Ko wane gari na ƙasarmu da titi ya ratsa yana da garaji, tun daga manya masu rufin kwano da rami na siminti a Yamai, har zuwa na gindin bedi a Maraɗi da Damagaram da Tawa, inda kayan aikin duka ba su wuce akwati guda da jek guda ba. Ga waɗannan mutane zirga-zirgar ƙasa ta dogara, domin yawancin motocin da ke bin hanyoyinmu sun ga jiya kafin su iso nan, kuma dabarar makanikai ce ke riƙe da su. Amma akwai wata rigima da ba ta ƙarewa tsakanin su da masu motoci. Mota ta shigo domin ƙaramin aiki na ƴan jikkuna, ta fito da ɓarnar da ta fi kuɗin aikin sau ɗari. Mai mota ya ce garaji ya kashe mishi dukiya, mai garaji ya ce mota daman tsohuwa ce, kwananta ne ya ƙare. Sau da yawa maganar a nan take tsayawa, da zagi ko da haƙuri, alhali kuwa doka ta daɗe da faɗin wanda ke da alhaki.

Aikin da ya fi jawo wannan rigima shi ne bidanji, wato juye baƙin mai na inji a zuba sabo. Ba shi da wuya, shi ya sa maigida kan bar ma yaro shi. A ƙarƙashin inji akwai kaskon da mai ke taruwa, kuma a gindin kaskon akwai ƙusa guda mai zare wadda ake kwancewa man ya zuba. In yaro ya maida ƙusar a karkace ya matsa da ƙarfi, zaren ya cinye. In ya ɗaura ta da hannu ya mance bai bi ta da kile ba, girgizar hanya ta kwance ta. Haka kuma matatar mai: tsohuwar robar bakinta takan manne a jikin inji, a ɗora sabuwa bisa kanta, mai ya sami hanyar fita da zarar inji ya ɗauki zafi. A cikin gari ba a lura da kome sai ɗan ɗigo. Sai an hau babbar hanya, a ce an tashi daga Maraɗi za a Damagaram, kafin a kai Tasawa lita huɗun da ke ciki sun tsiyaye bisa kwalta. Ƙarfe ya gogi ƙarfe babu mai a tsakani, inji ya yi ƙara, ya kama, ya tsaya.

Akwai wasu irinta. A sa batir a juya kawunansa, wuta ta ƙona abin da ke cajin batir, a motocin zamani har da kwamfutar da ke sarrafa inji. A yi walda a jikin mota ba a cire wayar batir ba. A kafa jek ƙarƙashin kaskon mai maimakon wurin da masana'anta ta tanada. A canza taya a bar ƙusoshi sako-sako. Ko kuwa yaron garaji ya ce za shi gwada burki, ya fita da mota ba shi da parmi, ya dawo da ita da goshi a lotse.

Kundin da ke hukunta irin wannan al'amari a Nijar shi ne wanda ake kira da Faransanci « Code civil », kundin hulɗar mutane da dukiyoyinsu, wanda ƙasarmu ta gada tun zamanin mulkin mallaka. Asalinsa na 1804 ne. Faransa ta sake lambobin ayoyin wannan sashe a 2016, amma a nan tsofaffin lambobin ake aiki da su, don haka wanda ya buɗe littafin Faransa na yanzu yana neman su sai ya ruɗe.

Ranar da mai mota ya miƙa makulli, yarjejeniya biyu ya ƙulla ko da ba a rubuta ko harafi ba. Ta farko ita ce ta aiki: mai garaji ya ɗauki alkawarin yin gyara mai kyau. Aya ta 1147 ta ce wanda bai cika alkawarin da ya ɗauka ba, ko ya yi shi ba daidai ba, tilas ya biya diyya, sai fa in ya nuna wani dalili ne daga waje wanda ba shi da hannu a ciki. Ta biyu ita ce ta ajiya: mota amana ce a hannunsa tun daga shigarta har fitarta. Aya ta 1927 ta ɗora ma mai ajiya kula da kayan mutane kamar yadda yake kula da nasa, aya ta 1928 kuma ta ƙara tsananta abin in yana karɓar lada. Saboda haka in an fasa gilashi, ko an sace rediyo cikin dare a filin garaji, ba za shi kuɓuta da cewa shi burki kaɗai aka ba shi ya gyara ba.

Maganar da aka fi ji a bakin masu garaji ita ce, « ba ni na taɓa ta ba, yaro ne ». Wannan ba hujja ba ce. Aya ta 1797 ta ce mai karɓar aiki shi ke amsa laifin waɗanda ya sa aiki, aya ta 1384 kuma ta ambaci masu sana'a da ƴan koyon da ke ƙarƙashin kulawarsu. Hikimar abin a fili take. Mai mota bai zaɓi yaron ba, bai san ko watansa biyu da fara koyo ba, kuma in an ce ya bi yaron da bashi, me zai samu wurin wanda abincin rana ne ladarsa?

Wanda yake ganin wannan hukunci na Nasara ne, sai ya tambayi malaman unguwarsu. A mazhabar Malikiyya, wadda ƙasarmu ke bi, akwai babi sananne a kan lamunin masu sana'a. Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan wanda ya rasu a 996, littafin da ake karantawa a zaurukanmu, ta kawo shi: mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya keɓe da su, shi ke biya in sun ɓace ko sun lalace, ko da lada ya yi aikin ko kyauta, sai in shaidu sun tabbatar ba da sakacinsa ba ne. Malamai sun ce an yi haka ne domin maslahar jama'a, da yake mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu wurin maɗinki da marini da maƙeri. Makanike kuwa maƙerin wannan zamani ne.

To, sanin haƙƙi daban, samunsa daban. Aya ta 1315 ta ce wanda ke neman a biya shi, shi ke kawo hujja. A nan ne masu motoci da yawa ke faɗuwa, kuma da hannunsu. Mota ta tsaya a daji, ransu ya ɓace, su kira makanike na kusa ya kwance inji gaba ɗaya, a zubar da matata, a sa sabuwar ƙusa, a wanke kasko. Bayan mako guda su koma garajin farko da faɗa, babu abin nunawa sai baki. Abin da ya kamata shi ne kada a taɓa kome. A ɗauki hoton ƙarƙashin mota da sawun man da ya zuba bisa hanya, a rubuta lambar kilomita da ke kan allo, a riƙe sunayen waɗanda ke cikin motar. A kira mai garaji nan take ya zo ya gani da idonsa, ko ya aiko wakili. In ɓarnar mai yawa ce, a nemi wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai rantsuwa, ya rubuta abin da ya tarar, domin takardarsa tana da nauyi gaban alƙali fiye da maganar abokai. Sa'an nan a nemi gwanin binciken motoci, irin waɗanda kamfanonin asiransi ke aiki da su, ya buɗe injin a gaban ɓangarorin biyu. Zaren da ya cinye da roba biyu bisa bakin matata ba su ɓoyuwa ga wanda ya san aiki.

Takardar garaji ma hujja ce, ko da guntun shafin littafin makaranta ne, muddin akwai kwanan wata, da lambar mota, da aikin da aka yi, da sa hannu. Mutanenmu suna jin kunyar neman ta, wai kamar rashin yarda ne ga wanda aka saba da shi. Kunyar nan tana da tsada. Ba tare da takarda ba, mai garaji yana iya cewa wata uku ke nan rabonsa da ganin motar.

Dole kuma a faɗi abin da mai mota ba ya son ji. Jar fitilar mai da ke kan allo, in ta kama, ma'anarta a tsaya yanzu, a kashe inji. Direban da ya gan ta ya ce bari ya lallaɓa ya kai gari na gaba, ya sa hannunsa cikin ɓarnar, kuma alƙali yana iya raba alhakin tsakaninsu. Haka wanda ya sayo matata mai araha a kasuwa da kansa ya kawo a sa mishi: in jabu ce ta fashe, da wuya ya ɗora ma garaji laifin duka, ko da yake makanike na gari ya kamata ya gargaɗe shi ko ya ƙi sa ta. Diyya kuma mayar da mutum ce inda yake kafin ɓarna. Wanda injinsa ya yi shekara 20 yana aiki ba za shi fita da kuɗin sabo fil ba. Amma aya ta 1149 ta haɗa asarar da aka yi da ribar da aka rasa. Mai taksi ko mai Hiyas na haya yana da ikon neman kuɗin kwanakin da motarsa ta yi a kwance, in zai iya nuna abin da take shigowa da shi a rana, da kuɗin jan motar daga inda ta tsaya.

Masu yawa suna zaton asiransi za ta ɗauke musu. Asiransin da doka ta wajabta, bisa kundin CIMA na ƙasashen da suka sa hannu a Yawunde a 1992, wanda ya fara aiki a 1995, ta ɓarnar da mota ta yi ma wasu ce. Ba ta biyan injin mai ita. Kundin ya kuma keɓe masu gyara da sayar da motoci: asiransin mai mota ba ta rufe su, su ne aka wajabta ma ɗaukar tasu domin hatsarin da za su yi da motocin da aka ba su. Don haka tambayar farko, in yaron garaji ya buge wani a hanya, ita ce ko garajin yana da asiransi. Wanda ya ɗauki babbar asiransi mai rufe motarsa, ya gaggauta sanar da kamfani a rubuce, domin wa'adin sanarwa yana iya zama kwana 5 na aiki kaɗai. In kamfani ya biya shi, shi kamfanin ne ke bin garaji da kuɗinsa.

Hanyar neman haƙƙi tana farawa daga zaure. Makanikai suna da shugabanninsu a kusan ko wane babban gari, kuma shugaba ba ya son sunan sana'a ya ɓace, sau da yawa ma ya fi alƙali saurin gane inda aka yi sakaci. Mai unguwa da sarki su ma doka ta ba su ikon sasanta mutane, kamar yadda dokar sarauta ta 2015 ta tanada. Sulhu yana da amfani na zahiri: mai garajin gindin bedi ba shi da kuɗin inji a aljihu, amma yana iya yin aikin kyauta, ya biya kayan gyara kaɗan-kaɗan. Sai dai abin da aka shirya a rubuta shi, da adadin kuɗi da ranakun biya, da sa hannun shaidu. Takarda irin wannan tana mayar da gardama ta zama bashi tabbatacce, kuma bashi tabbatacce yana da gajeruwar hanya a kotu ƙarƙashin dokokin OHADA, inda alƙali ke ba da umurnin biya bisa takardu.

In sulhu ya ƙi, sai a aika ma mai garaji takardar gargaɗi ta hannun wisiye, a faɗi ɓarnar da kuɗin da ake nema da wa'adi. Bayan haka sai kotu. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, akwai hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, ANAJJ, wadda aka kafa da dokar 2011, yana iya zuwa ya nemi shawara. Kwamisariya ba wurin wannan magana ba ne, ko da yake can mutane suka fi rugawa. Gyaran da ya ɓaci ba laifin ɗauri ba ne. Ƴan sanda da jandarmomi suna shiga ne in akwai cin amana, kamar a cire batir mai kyau a sa matacce, ko a sayar da kayan motar, ko kuwa in an yi hatsari.

Saura magana guda, wadda ke tada hankali a ƙofar garaji. Mai mota ya ce ba za shi biya kuɗin aiki ba tun da an yi mishi ɓarna, mai garaji ya ce to mota ba ta fita. Doka ta ba mai gyara ikon riƙe abin da ya gyara har a biya shi bashin da ya tabbata a kan wannan abin, amma ba ta ba shi ikon hawa motar ko sayar da ita da kansa ba, kuma muddin tana hannunsa amanarta na wuyansa. Shi kuma mai mota, in ya zo da ƙarti ya fitar da ita da ƙarfi, ya ɓata shari'arsa tun ba a fara ba. Wanda yake buƙatar motarsa da gaggawa, ya biya ƴan jikkunan, ya sa a rubuta a jikin takardar biya cewa bai yafe ɓarnar ba kuma za shi bi haƙƙinsa, sa'an nan ya ja motar zuwa inda gwanin bincike zai buɗe ta.