Jinin Fada Achi da Ma'aunin Attaura

Kafin wayewar garin Lahadi, 15 ga Janairu, 2023, 'yan bindiga suka ƙone Fada Isaac Achi na Dayosis ɗin Katolika na Minna cikin gidansa a Kafin-Koro. Bayan kwana biyu, fusatattun mazauna garin suka cinna wa ofishin 'yan sanda wuta.

Littafin da marigayin ya karantar bai bar hukunci a hannun fushi ba. Littafin Ƙidaya, sura ta 35, ya bambanta kisan ganganci da na kuskure, ya keɓe biranen mafaka 6, ya hana kashe wanda ake tuhuma bisa shaidar mutum ɗaya, ya kuma haramta wa mai kisan ganganci fansar kansa da dukiya.

Bisa wannan ma'auni, haƙƙin jinin Achi shi ne makasansa su gurfana gaban alƙali.