Birnin da Aka Rufe a 2012, Amma Mazaunansa Ba Su Tashi Ba

A ranar 30 ga Nuwamba, 2012, kamfanin NCSoft na Koriya ta Kudu ya kashe na'urorin da ke riƙe da wasan City of Heroes. Wasa ne na intanet irin wanda dubban mutane ke shiga a lokaci guda. Kowa zai ƙirƙiri jaruminsa, ya raɗa masa suna, ya ɗinka masa kaya, ya zaɓa masa irin ƙarfinsa, sannan ya fita farautar miyagu a wani birni na ƙage mai suna Paragon City. Tun watan Afrilun 2004 ake yinsa. Da aka sanar da rufewar a ƙarshen watan Agusta, 'yan wasa suka yi ta taruwa a unguwar Atlas Park ta cikin wasan, a gindin katafaren mutum-mutumin nan mai ɗauke da duniya a kafaɗa, kowane jarumi riƙe da sanda mai ci da wuta, suna roƙon a fasa. Ba a fasa ba.

Nan ya kamata labari ya ƙare. To amma a shekarun da suka biyo baya sai raɗe-raɗi ya fara yawo cewa akwai waɗanda har yanzu suke shiga birnin, suna yaƙi, suna ƙara matsayi kamar ba abin da ya faru. Duk wanda ya ta da maganar sai a ce masa kewa ce ke damunsa. Kuma masu musun suna da hujja mai ƙarfi.

Hujjar tasu ita ce, irin wannan wasa kashi biyu ne. Abin da ke cikin kwamfutar ɗan wasa bai wuce hotuna da sauti da taswirar gari ba. Ƙwaƙwalwar wasan tana can a uwar garke, wato babbar kwamfutar kamfani. Ita ce ta san yawan raunin da naushi ɗaya zai yi, ita ke motsa abokan gaba, ita ke ajiye tarihin kowane jarumi. Idan aka kashe ta, kana iya buɗe wasan a gida, amma a bakin ƙofa za ka tsaya. Iyakar abin da masoya wasan suka iya yi a bainar jama'a shi ne wata manhaja mai suna Paragon Chat da ta fito a 2015, wadda ke ba mutum damar zagaya titunan birnin da yin hira da abokai. Babu faɗa, babu aiki, babu miyagu. Don haka ko an nuna maka hoton jarumi tsaye a Atlas Park, bai tabbatar da komai ba.

Idan raɗe-raɗin gaskiya ne, hanya biyu ce kawai. Ko dai wasu gwanaye sun zauna sun sake gina uwar garken daga tushe ta hanyar nazarin ɓangaren da ke hannun 'yan wasa, aikin da kan ci shekaru kuma da wuya ya fito daidai, ko kuma asalin rubutun manhajar ya fita daga kamfani. Akwai wani ɗan bayani a cikin zancen da ke raba gardama: ana cewa waɗanda suka shiga sukan tarar da tsofaffin jarumansu, da sunansu da matsayinsu, kamar yadda suka bar su a 2012. Duk gwanintar mutum ba zai iya ƙago wannan ba. Sai wanda ke riƙe da kundin bayanan 'yan wasa na asali.

A watan Afrilun 2019 asiri ya tonu. Wani da aka taɓa gayyata ya fito ya bayyana komai a bidiyo, kuma jagoran masu aikin ya amsa cewa haka ne. Ƙungiya ce mai suna SCORE. Bayan an rufe wasan, wani da aka sakaya sunansa ya miƙa musu rubutun manhajar uwar garken tare da bayanan jarumai. Kimanin shekara shida suna gudanar da wasan a ɓoye, ba a shiga sai da gayyata, kuma wanda ya shiga sai ya yi alkawarin kama bakinsa.

Me ya sa suka ɓoye? Tsoro ne, kuma ba tsoron banza ba. A watan Afrilun 2016 lauyoyin kamfanin Blizzard suka sa aka rufe Nostalrius, inda wasu masoya ke gudanar da tsohon samfurin wasan World of Warcraft ba da izini ba. Wasiƙa ɗaya daga lauya ta isa ta rusa aikin shekaru. Na fahimci wannan tsoron, amma na fi fahimtar fushin sauran 'yan wasan. Akwai mutanen da suka yi shekara shida suna makokin wurin da suka yi abota, wasu ma sun zuba kuɗinsu a yunƙurin gina sabon wasa da zai maye gurbinsa, ashe gidan yana nan, an dai kulle su a waje ne.

Fushin ya yi amfani. Cikin 'yan kwanaki aka saki rubutun manhajar ga kowa, ban da bayanan tsofaffin jarumai, don haka kowa ya fara daga farko. Ƙungiyoyi da dama suka buɗe nasu, mafi girma ita ce Homecoming. Jama'a suka yi ta tururuwa har sai an bi layi kafin a shiga.

A nan ne tambaya ta ƙarshe ta taso, kuma ita ce ta fi damuna. Wasan da babban kamfani ya ga bai dace ya ci gaba da riƙewa ba, yaya 'yan sa-kai suka iya? Amsar tana cikin lissafi. Kamfani yana biyan albashin ma'aikata, da hayar ofis, da talla, sannan masu hannun jari suna auna ribar wannan wasa da ta wani. Ba sai wasa ya yi asara ake rufe shi ba. Ya isa a ga cewa kuɗin zai fi haihuwa a wani wuri. Su kuwa 'yan Homecoming babban nauyinsu shi ne hayar na'urori. Duk wata sukan bayyana abin da ake buƙata, 'yan wasa su ba da gudummawa, da zarar ya cika a rufe karɓa. Kasuwar ƙauye mai ci mako-mako ba ta buƙatar cinikin Kantin Kwari kafin ta rayu, muddin masu zuwa ba su daina zuwa ba.

NCSoft bai aiko da lauya ya rufe su ba. An shafe shekaru ana tattaunawa, har a watan Janairun 2024 aka sanar cewa kamfanin ya ba Homecoming lasisin gudanar da wasan a hukumance. A ganina kamfanoni sun riga sun ga darasi a wurare biyu. Kamfanin Jagex na Ingila ya dawo da samfurin 2007 na wasansa RuneScape a shekarar 2013 bayan 'yan wasa sun kaɗa ƙuri'a, ga shi yau tsohon ya fi sabon jama'a. Blizzard ma da ya sa aka rufe Nostalrius, da kansa ya fito da World of Warcraft Classic a 2019. A ɗaya gefen kuma ga wasan New World na kamfanin Amazon, wanda a 2021 ya tara mutum sama da 900,000 a lokaci guda, amma a watan Oktoban 2025 kamfanin ya ce ya daina ƙara masa sabon abu.

Ba na tsammanin za a sake samun wasa ɗaya da zai tara masu biyan kuɗi miliyan 12 kamar yadda World of Warcraft ya yi a 2010. Abin da nake hange shi ne ƙananan duniyoyi masu yawa, kowace da 'yan dubbanta da suka san juna kuma suke ɗaukar nauyinta. Sai dai City of Heroes ya tsira ne don wani ya fitar da abin da ba a ba shi izinin fitarwa ba, kuma bai kamata rayuwar wasa ta dogara da haka ba. Shi ya sa nake goyon bayan gangamin Stop Killing Games, wanda ya haura sa hannu miliyan 1 a Tarayyar Turai a 2025. Kamfanin da ya gaji da wasa yana da ikon janye hannunsa, amma ya bar wa waɗanda suka biya kuɗinsu hanyar ci gaba da gudanar da shi.