Littafi kyauta, data da kuɗi

Yaron da ya taso a Toranke ya sami gurbi a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, biyan kuɗin rajista ba shi ne ƙarshen lissafin mahaifinsa ba. Ga haya, ga abinci, ga kuɗin mota, sannan ga handaut da fotokofi. Littafin lissafi ko na kimiyyar sinadarai da aka buga a Ingila kuwa, tun faɗuwar naira ba a ma tayawa. Shi ya sa maganar buɗaɗɗun kayan karatu ta shafi manomin Ajingi da Gaya kai tsaye, ko da bai taɓa jin labarinsu ba.

A 2001 jami'ar MIT ta Amurka ta sanar cewa za ta zuba darussanta a intanet kowa ya ɗiba, a 2002 kuma wani taron UNESCO a Paris ya raɗa wa irin waɗannan kaya sunan buɗaɗɗun kayan karatu. A 2019 ƙasashen hukumar, har da Nijeriya, suka amince da shawarar yaɗa su. Jami'ar Rice da ke Texas tana fitar da littattafan OpenStax tun 2012, a nan gida kuma jami'ar karatu daga gida, NOUN, ta daɗe da ɗora kundayen darussanta a shafinta.

Amma ba rashin farashi ne kaɗai ya bambanta su ba. Littafin da aka ɗauka a hoto ana turawa a WhatsApp shi ma kyauta ne, sai dai na sata ne. Buɗaɗɗen littafi yana zuwa da lasisi, galibi na Creative Commons, wanda a mafi yawan nau'o'insa yake bai wa malami izinin kwafa da gyara da fassara, muddin ya ambaci mai aikin. A ganina nan ribar take, kuma nan ne muka fi yin sakaci. Littafin tattalin arziki da aka rubuta a Texas zai yi ta misali da dala da farashin man fetur a can. Malami a Wudil yana da ikon cire wannan ya sa yadda buhun gero yake faɗuwa da kaka ya tashi da bazara, ya ƙara bayani da Hausa a inda Turancin ya yi tauri. Ɗalibin da ya yi noma da hannunsa ba sai an maimaita masa ba.

To wa zai yi wannan aikin? Malamin da ke da ɗaruruwan ɗalibai a aji ɗaya, wanda ƙarin girmansa ya rataya a kan maƙalun da ya buga a mujallun bincike, ba a kan babin da ya gyara wa 'yan aji ɗaya ba? Wani ma, mu faɗi gaskiya, handaut ɗin ne yake cike masa giɓin albashi, ko da makarantu da dama sun hana sayarwa.

Sai kuma wuta da data. Littafi mai shafi dubu a ƙaramar waya azaba ce ga ido, in an zo hutu gida kuma caji sai a shagon mai sola. Wannan matsalar dai tana da sauƙin magani: a sauke littattafan sau ɗaya a ɗakin karatun makaranta, ɗalibai su kwasa a waya ba tare da data ba, a buga surorin da ake buƙata a kan kuɗin takarda kawai. Asusun TETFund, da yake gina ajujuwa yana kuma tallafa wa wallafar littattafan malamai, zai iya gindaya sharaɗi cewa duk littafin da aka rubuta da kuɗinsa ya fito da buɗaɗɗen lasisi.