Notin Manifol da Lafiyar Tsohuwar Tarakta a Kudancin Kano

Daga Bebeji zuwa Kiru, daga Tudun Wada zuwa Doguwa, da zarar hadari ya fara haɗowa sai neman tarakta ya tashi. Ƙasar masara ce da shinkafa da dawa, ga kuma noman rani da madatsar ruwa ta Tiga ta kawo tun da aka kammala ta a 1974. Amma yawancin taraktocin da ke yin haro da huɗa a yankin tsofaffi ne. Akwai Massey Ferguson mai injin Perkins, akwai Fiat irin wadda aka taɓa harhaɗawa a Kano, akwai Steyr ta Bauchi. Wasunsu sun girmi direbobinsu. Samfurin 135 na Massey, alal misali, tsakanin 1964 da 1975 aka ƙera shi.

Abin da ke riƙe da irin waɗannan injuna shi ne kula da ƙananan abubuwa, cikinsu har da notin manifol. Manifol shi ne ƙarfen zubin da ke manne a gefen kan inji, yana tattara hayaƙin silinda yana miƙa wa salansa. Idan tarakta tana jan garma, zafin hayaƙin nan kan haura digiri 500. Ƙarfen ya buɗe da zafi, ya tsuke da sanyi, kullum haka, ga girgizar gona. A hankali noti ya saki, gaskit ya ƙone.

Alamar ba ta ɓuya. Da safe idan an tayar da inji za a ji wani tas-tas a gefensa, wanda kan ragu idan ya ɗauki zafi. Za a ga baƙin hayaƙi ya shafe bakin mahaɗar. Direba ya yini yana shaƙar abin da ya kamata ya fita ta salansa.

A wajen ɗaure notin ne ake yin ɓarna. Yaron gareji ya zura bututu a kan sifana don ƙarin ƙarfi, ya danna, ƙusar da notin ke kai, wadda ta shekara talatin tana cin tsatsa, ta karye a cikin kan inji. Aikin minti ashirin ya koma na kwanaki: a huda, a ciro guntun, wani lokaci sai an sauke kan injin gaba ɗaya, a tafi Kano neman kaya a Ƙofar Ruwa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ƙa'idar aikin a fili take. A bar inji ya huce sarai. A jiƙa notin da man warware tsatsa ko kananzir tun daren jiya, a goge haƙoran ƙusa da burushin waya. Gaskit ɗin da ya ƙone a canja shi, domin ɗauri ba ya gyara shi. A duba fuskar manifol ko ta lanƙwashe. Sannan a fara ɗauri daga notin tsakiya a yi waje, dama da hagu, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku, har a kai ma'aunin da littafin injin ya faɗa. Wanda ya ƙulle noti ɗaya tamau tun farko, shi ke jawo ƙarfen ya tsage. Notin tagulla ya fi dacewa da wurin, saboda ba ya kama tsatsa ya liƙe. Bayan inji ya yi aiki ya sake hucewa, a koma a bi notin ɗaya bayan ɗaya.

Lokacin wannan aiki shi ne watan Maris da Afrilu, kafin ruwa ya sauka. Ya kamata masu tarakta da ƙungiyoyin manoma su haɗa kuɗi su sayi sifana mai awon ɗauri, ko da guda ɗaya ce a gareji, manyan bakanikai kuma su koya wa yaransu amfani da ita. Tarakta ɗaya da ta kwanta a makon shuka, gonakin mutane da yawa ne ke makara.