Rola da Cen a Bakin Kanikawan Potiskum

A nazarin da na yi kan kalmomin kanikawan babur a Potiskum, na lura da wata 'yar ƙaramar taya da suke kira rola. Aikinta shi ne danne cen, wato sarƙa, don kada ya yi sako-sako ya tsallake haƙora, inji ya lalace. Da roba mai tauri ake yin ta, domin gara ita ta cinye a canza, tunda ta fi cen araha. Inda ba a samu ba, akan sassaƙa wata a sa mata boris.

Abin lura a nan, sunayen duk aro ne daga Ingilishi, amma aikatau na Hausa ne: ya saki, ta cinye, a ɗaure. Ya kamata mu ɗalibai mu taskace irin waɗannan kalmomi.