Baƙar Giya Ba Ta Ƙara Jini

Ɗan'uwa, wataƙila ka taɓa zama a wurin makoki ko biki a Vittin, ko a wata unguwa ta Tamale, aka miƙo maka kofi da baƙar giya a ciki, aka ce maka, "Ɗanɗana, wannan magani ce." Ka kai hanci, ka ji ƙanshi kamar na ƙanzo ko na sukarin da ya ƙone. Ka kurɓa, ka ji kauri a baki, da ɗan ɗaci, da ɗan zaƙi a bayansa. Bayan ta sauka sai ɗumi ya bi ƙirjinka. Mutane da yawa a nan suke cewa, "Ka ji jini yana shiga." Wannan maganar ce muke so mu duba tare da kai, domin tana kawo mana marasa lafiya.

Baƙin nan daga wuta yake. Masu yin giyar suna gasa hatsin sha'ir har ya yi baƙi, kamar yadda gyaɗa take baƙi idan ta daɗe a kasko. Daga nan launi da ɗaci suke fitowa. Sauran hatsin kuwa ba baƙo ba ne a wurinka, gama kamfanin Guinness na Ghana yana sayen dawa daga manoman arewa. Sinadarin ƙarfe da jiki yake bukata don yin jini ɗan kaɗan ne ƙwarai a cikin kwalbar. Kwanon wake, ko miyar zogale, ko ɗan yankin hanta, ko kifi, kowanne ya fi ta nesa ba kusa ba. Ɗumin da ka ji kuma, hanyoyin jini ne na fata suka buɗe saboda barasar da ke ciki. Ko ɗigo ɗaya na jini bai ƙaru ba.

Yanzu ka lura da ƙarfinta. Giyar kwalba fara, irin su Club da Star, barasar da ke cikinta wajen kashi 5 ne cikin 100. Baƙar Guinness tana da kashi 7.5. Akwai kuma wata iri da ake yi a Amurka da Turai, wadda masu dawowa daga tafiya sukan kawo tsaraba. Ita wannan ana zuba ta cikin gangar katako wadda aka taɓa ajiye wuski a ciki, a bar ta watanni, wani lokaci shekara guda. Katakon yana ba ta ƙanshi da santsi, ƙarfinta kuma yakan kai kashi 12 zuwa 15. Ƙaramar kwalba ɗaya ta wannan ta kusa kai uku na farar giya. Haɗarinta shi ne ba ta ƙona maƙogwaro kamar akpeteshie, wadda takan kai kashi 40 ko fiye. Akpeteshie tana yi maka gargaɗi tun a baki. Wannan kuwa tana sauka kamar kunu, sai ka miƙe tsaye kafin ka san abin da ka sha.

Haka ma pito. Yana ci gaba da tsima a cikin tukunya, don haka ƙwaryar safe da ta yamma ba ɗaya ba ne, ko da kuɗinsu ɗaya.

Hanta ce take aikin fitar da barasa daga jini, kuma ba a hanzarta ta. Abin da ke cikin ƙaramar kwalbar farar giya yakan ɗauke ta awa guda ko fiye. Shan ruwa, cin goro, ko wanka da ruwan sanyi ba sa rage wannan lokaci. Ka tuna kuma Tamale garin babura ne. Mutumin da ya sha kwalba biyu masu ƙarfi da magariba, ya hau babur da matarsa a baya da yaro a gaba, yana jin kansa garau, amma hannunsa ya makara wajen birki.

Ke kuma 'yar'uwa mai ciki, ko mai jego, mun san ana haɗa miki baƙar giya da madarar gwangwani, wani lokaci har da ɗanyen ƙwai, wai don jini da ruwan nono. Masu ba ki suna nufin alheri ne, sau da yawa uwar miji ce ko ƙawa. Amma abin da kika sha yana bi ta mabiyiya ya kai ga ɗan da ke ciki, yana iya taɓa ƙwaƙwalwarsa har iyakar ransa. Bayan haihuwa yana shiga cikin nono, yana kuma rage saukarsa. Idan kina jin jiri, ko cikin idonki da tafin hannunki sun yi fari, ki zo a auna jininki. Yawanci dalilin shi ne zazzabin cizon sauro, ko tsutsar ciki, ko ƙarancin abinci mai gina jini, ko zubar jini wajen haihuwa. Kowannensu yana da maganinsa.

Akwai waɗanda ko ɗanɗanawa bai kamata su yi ba. Ciwon hanta mai suna Hepatitis B ya yi yawa a arewacin Ghana, kuma mutum yakan ɗauke shi shekaru bai sani ba; barasa a kan irin wannan hanta tana gaggauta lalacewarta. Mai shan maganin tarin fuka ma hantarsa tana cikin aiki mai nauyi na wata shida. Mai ciwon sukari yana iya faɗuwa saboda sukarinsa ya sauka, mutane su ɗauka buguwa ce su bar shi kwance. Mai hawan jini, da mai shan Flagyl, su ma su ƙi kofin. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani ma'aunin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya.

In kuwa kai mai sha ne kullum, har hannunka yana rawa da safe sai ka kurɓa, kada ka daina dare ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Jiki yana iya shiga jijjiga da ruɗewa, kuma wannan yana kisa. Ka zo asibiti, ka zo da ɗan'uwanka ko wani dattijon ikkilisiya da ka amince da shi. Ka faɗa wa nas irin abin da kake sha da yawansa a rana, ba ragi, domin da wannan lissafin ne likita zai san maganin da zai ba ka a kwanakin farko.