Hanyar Delphi

Hanyar Delphi wata dabara ce ta hasashe wadda ake amfani da ita wajen tattara ra'ayoyin masana a kan abin da zai faru nan gaba, musamman a fannin kimiyya da fasahar kwamfuta. Ana maimaita wa rukunin masana tambayoyi iri ɗaya, ba tare da sun san mai kowace amsa ba, har ra'ayoyinsu su kusanci juna. Sunan ya samo asali ne daga garin Delphi na tsohuwar Girka, inda mutane kan je wurin wata bokanya neman labarin abin da ke tafe.

Tarihi

An ƙirƙiro hanyar ne a cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka a shekarun 1950, lokacin Yaƙin Cacar Baka. Olaf Helmer da Norman Dalkey na cikin waɗanda suka assasa ta, kuma da farko an yi ta ne domin bukatun soja. A shekarar 1964, Helmer da Theodore Gordon suka fitar da rahoton hasashe wanda ya shafi fannoni shida, ciki har da ci gaban kimiyya, binciken sararin samaniya, da injuna masu sarrafa kansu. Ƙasar Japan ta fara nata babban binciken a 1971, tana kuma maimaita shi kusan duk bayan shekaru biyar.

A farkon shekarun 1970, Murray Turoff ya mayar da tsarin kan kwamfuta, ta yadda masana da ke wurare daban-daban za su tura amsa su kuma ga ta sauran ba tare da jiran wasiƙa ba. A yau galibi ta intanet ake gudanar da shi.

Yadda ake gudanarwa

Mai jagorantar binciken yakan zaɓi masana, ya aika musu tambaya, misali shekarar da suke ganin wata fasaha za ta shiga kasuwa. Kowa yakan amsa shi kaɗai. Daga nan sai jagoran ya taƙaita amsoshin, ya fitar da matsakaiciyar shekara, ya mayar musu tare da hujjojin waɗanda suka yi nisa da sauran. Kowane masani na da damar sauya amsarsa ko ya tsaya a kanta. Ana dakatawa idan amsoshin sun daina sauyawa sosai.

Ɓoye sunaye shi ne ginshiƙin tsarin. A zaman gaba da gaba, ƙarami yakan ji nauyin musa wa babba, mai yawan magana yakan rinjayi mai shiru, wanda kuma ya riga ya furta ra'ayi yakan ji kunyar janyewa.

Suka

Babban abin da masu suka ke faɗa shi ne, haɗuwar bakin masana ba ta nufin sun yi daidai. Idan duk karatunsu ɗaya ne, kuskurensu ma zai iya zama ɗaya. Haka kuma wasu kan koma ra'ayin masu rinjaye don gajiya kawai.

Fassarar na'ura misali ce a kan haka. Masanan binciken 1964 sun yi hasashen samun na'urar fassara harsuna a farkon shekarun 1970. Amma a 1966 wani kwamiti mai suna ALPAC ya bayyana cewa fassarar na'ura ta fi ta ɗan Adam tsada da yawan kurakurai, lamarin da ya sa aka rage kuɗin binciken a Amurka. Matsalar ba ta tsaya ga ƙarfin kwamfuta ba: kalma ɗaya kan ɗauki ma'anoni da dama, kuma muhallin magana ne ke tantance wadda ake nufi. Sai a 2006 aka ƙaddamar da Google Translate, Hausa kuma ta shiga cikinsa a 2013.

Wannan ya sa masu nazari ke ɗaukar sakamakon Delphi a matsayin ra'ayin masana na lokacin da aka tambaye su. Gwamnatoci da kamfanoni kan haɗa shi da wasu hanyoyin hasashe kafin su yanke shawarar fasahar da za su zuba wa kuɗi.